Dangin Karan Masallaci

Litinin, Ƙanƙara. A zauren wani mai maganin gargajiya na tarar da karan masallaci dashe cikin fasasshen tulu, kore shar, mai kusurwa huɗu, da 'yan haƙora jere a gefensa. Almajirinsa ya ce ƙanin tinya ne. Tsohon ya ɓalle reshe ya ce, "Duba nan, ɗana. Tinya farin nono take zubarwa mai ƙuna. Wannan kuwa ruwa ne garai."

Talata, Ƙanƙara. Yau karatu na yi. Masana na kiran karan masallaci Caralluma dalzielii, bisa tsarin suna biyu da Linnaeus ɗan Suwidin ya kafa a 1753: na farko na zuri'a, na biyu na tsiron kansa. N. E. Brown na lambun Kew a Ingila ya raɗa masa shi a 1912, don karrama Dakta J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa yana tara tsirrai.

Laraba, Faskari. Ba mu yi nisa da gari ba saboda 'yan bindiga. A gindin duwatsu muka sami karan masallaci ya yi fure, ɗan ƙarami, mai baki biyar, ja mai duhu. Kwanson 'ya'yansa biyu ne a tsaye, ɗaya ya fashe, iri na tashi da farin gashi irin na tumfafiya. Hujjar masana ke nan: da fure da 'ya'ya ake gane dangi. Shi da tumfafiya da kariya duk 'yan gidan Apocynaceae ne. Tinya da aguwa kuwa gidansu ɗaya da rogo. Kaurin jikin da ya sa karan masallaci da tinya suka yi kama dabarar ajiye ruwa ce, kowa ya koye ta daban saboda rani.

Alhamis, Sabuwa. Wata tsohuwa mai sayar da saiwoyi ta jero mini sunayen tsirrai har na gaji da rubutu. Na ce, "Inna, jikokinki sun san su?" Ta ce, "Ina fa, ɗan nan!" Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani irinta Dalziel ya tara sunayen da ya buga a littafinsa A Hausa Botanical Vocabulary a 1916. Ɗalibanmu na kimiyya, ku je ga tsofaffin unguwarku tun suna raye, ku rubuta kowane suna kusa da na Latin, ku kuma rubuta garin da aka ji shi.