Ƙanshin Ruwan Wanka a Tudun Wada

Yau ki ɗauki mayafinki ki biyo ni Tudun Wadar Zariya, don na ga wani abu can wanda ya shafe mu duka.

In kin fito daga birni ta Ƙofar Doka kika miƙe, ba ki daɗe da tafiya sai ga ki a Tudun Wada. Unguwa ce da aka kafa zamanin Turawa don baƙi 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birni ba, shi ya sa har yau za ki tarad da Bakano da Banufe da Babarbare suna maƙwabtaka. Hancinki ma shi zai fara ba ki labarin. Ki leƙa kasuwa wajen masu turare, ga sandal, ga kajiji, ga farce, ga humra irin ta matan Barno. Amma yanzu a gefensu akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin kwalabe da a ke kawowa daga waje. Man ƙanshi ne da aka tatso daga ganye ko fure, kamar na'ana'a da kanumfari da itacen turare. Mai kanti ya ce mini amare da masu jego su suka fi saye, wai a ɗiga a ruwan wanka.

Daga Turai aka kwaso al'adar. Wani masanin haɗa turare a Faransa, Gattefossé, ya buga littafi a 1937 kan yin magani da ƙanshi. A Amurka kuma, a 1968, kamfanin Jacuzzi ya fito da wani ƙaton bahon wanka mai inji da ke kaɗa ruwa, mutum ya shiga ya jiƙa jikinsa. To, ki lura, su masu ƙera irin wannan baho ba su yarda zafin ruwa ya wuce digiri 40 ba, kuma sun hana zuba mai a ciki, don yana toshe matatar injin. Mu kuwa mun karɓi kwalbar, mun bar musu gargaɗin.

Abin da ya kai ni Tudun Wada barka ce. 'Yar yayata ta haihu, ran nan kwananta 12. Na iske ganga bisa murhu tana tafarfasa, ga damin ganyen darbejiya an ajiye. Mai jego kuwa tana ɗaki tana sosa, wuyanta da kafaɗunta sun yi jawur. Ashe jiya wata ƙawarta ce ta kawo mata man kanumfari, ta tsiyaya cikin murfin kwalba ta juye a ruwan.

Ga dalilin, ki riƙe shi da kyau. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, ko kin motsa sai ya ware. Da an tsoma ganye an watsa a jiki, man nan tsantsarsa ya ke taɓa fata, ga kuma zafin ruwa ya ƙara masa kaifi. Wadda ba jego ta ke yi ba, in lalle tana son ƙanshin, ɗigo 3 ko 4 ya isa, sai ta fara gauraya shi cikin cokali guda na man zaitun ko man gyaɗa. Mai jego dai gara ta haƙura tukuna, balle in an yi mata ɗinki. Man na'ana'a da na itacen turare da kafur kuwa kada su kusanci hancin jariri, suna iya sarƙe masa numfashi.

Amma ba ƙaiƙayin ne ya fi tayar mini da hankali ba, gangar nan ce. Kin san tsohon asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a nan Tudun Wada ya ke, kafin a koma Shika a 2005. A nan ne waɗansu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bi diddigin mata 224 waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga abin da suka gano a 1978. A lissafin zamanin, kimanin mace 1 cikin 100 a Zariya ta kan gamu da ciwon. Suka ɗora laifi bisa abu uku: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Kanwa tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Binciken da aka yi daga baya a Kano bai tabbatar da laifin wankan ba, ya nuna hawan jini da ƙarancin abinci mai gina jiki suna da hannu. Ko da ya ke haka ne, mai jegon da ƙafarta ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, asibiti ta ke bukata a ranar, ba ƙarin itace a murhu ba.

Na faɗa wa kakar yarinyar haka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, haihuwa tara na yi, da ruwan nan na gasa jikina." Na ce, "Gaskiyarki, Inna, ni ma ba cewa na yi a daina wanka ba. A dai sirka." Tsohuwa ba ta amsa ba, sai can na ji tana ce wa yaro ya kawo bokitin ruwan sanyi. Ta tsoma gwiwar hannunta ta bar ta ciki, sa'an nan ta kira mai jego.

Batun ƙanshi kuwa ita ta fi mu dabara. Ta aika aka tsinko ganyen lemun tsami a bayan gida, ta murza ta watsa a ruwan, nan da nan tsakar gida ta ɗauka. Bayan wanka ta sa garwashi a kasko ta barbaɗa sandal da kajiji, ta turara zannuwan a waje, jariri yana ɗaki abinsa. Kwalbar man kanumfari kuwa na ga ta ƙulle ta a bakin zanenta, ta ce ta ajiye ta saboda ciwon haƙori.