Haƙƙin Masu Turmi da Tabarya

Duk wanda Allah Ya ja kwanansa har ya riski zaman gidajen birnin Kano a shekarun 1950, muddin mai adalci ne, zai ba da shaida cewa tuwon da ake fito wa maigida da shi zaure bayan magariba, wanda shi da baƙinsa kan tashi da shi kafin a kira lisha, aiki ne na yini guda cur, wanda mata ke somawa tun da assalatu. Dawa sai an surfa ta a turmi, an bakace dusa a faifai, an wanke, an shanya, sa'an nan a durƙusa gaban dutsen niƙa, a tankaɗe a rariya, tsakin da ya rage a mayar da shi turmi. Duk wannan kuwa kafin a hura murhu da itace ko kara, wanda in ruwan damina ya taɓa shi, hayaƙinsa kan mayar da idon mace ja kamar gauta. Na ga tafin hannun mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta da rahama, ya yi kanta har takan ɗauki garwashi ta jefa a kasko ba ta ko yarfa hannu ba.

Ruwan famfo da lantarki sun shigo Kano tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sa'ad da aka jawo ruwa daga Challawa, amma galibin gidaje sun daɗe bayan haka suna dogaro da rijiya da 'yan ga-ruwa. Da dare aci-balbal ce, fitilar ƙwai sai mai ɗan hali, dutsen guga kuwa gawayi ake cika masa.

A ganina, cikin dukan na'urorin da zamani ya kawo, babu wadda ta kai injin niƙa zama rahama ga mata, domin ranar da yarinya ta fara ɗaukar ƙwarya ta kai surfaffen hatsi inji, ta komo da gari kafin hantsi ya dubi ludayi, ranar aka sauke wa uwarta rabin wahalar duniya. Ina jin tsarana suna begen lugude da waƙoƙin daka, suna cewa tuwon inji ba shi da garɗi. Haƙiƙa lugude abin sha'awa ne, ni ma ina kewarsa, sai dai na lura mafi yawan masu wannan bege daga zaure suka saurare shi, ba su taɓa kwana da ciwon ƙugu saboda tabarya ba. Malamai da almajirai nawa suka sauke Alƙur'ani, suka karance Risala da Muhtasar, alhali wadda ta daka furar da suka sha ba a ba ta sararin gyara Fatiharta ba? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi irin waɗannan malamai a cikin Nurul Albab, masu karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci.

Saboda haka, ya kai maigida na yau, tun da inji da famfo da risho sun sama wa iyalinka sa'o'in da iyayenmu ba su samu ba, kada ka cike su da wata sabuwar hidima taka. Ka saya mata littafi, ka biya kuɗin makaranta, ka ba ta izinin fita neman ilmi.