Adakar Iya

Har yanzu ina mamakin saurayin nan da na taɓa zama, ɗalibi mai rigar sanyi ta aro, ɗan haya a ɗakin sama na gidan wata tsohuwa a Milwaukee, yana kwana yana jin iskar tafkin Michigan tana kaɗa taga. Gidan kullum cikin warin kabeji mai tsami yake, da ƙamshin gahawa da kafur. Iya nake ce mata, takan kuwa amsa.

Ran Lahadi da la'asar sai ta ce, "Ɗana, jawo mini adakar nan." Baƙa ce, mai ɗaurin ƙarfe, marfinta yana kuka in an ɗaga. A ciki akwai tabarau mai ƙafa ɗaya, da cokulan azurfa da suka dushe, da wasiƙu ɗaure da zare, da Baibul na Jamusanci wanda aka jera sunayen haihuwa da mutuwa a shafin farko, cikin wani rubutu mai ƙahonni da ita kanta ba ta iya karantawa. Mahaifinta ya daina Jamusanci a 1917, bai koya wa 'ya'yansa ko gaisuwa ba.

Ni da na taso kakata tana jero mini kakanni da ka tana kaɗi da mazari, ban taɓa ganin mai neman asalinsa a takarda ba. Amma na bi ta. Mukan shiga bas zuwa laburare, in zauna ina murɗa mata fim ɗin tsofaffin rajistoci har idona ya yi ruwa, injin yana ƙugi, ita tana tsotsar alewar na'ana'a a gefena. Fargabarta ɗaya, kada a ce ta Bremen kakanninta suka tashi, don takardun can akasari sun salwanta. Na Hamburg kuwa suna nan tun daga 1850, har da garin da kowane matafiyi ya baro.

Ta Hamburg suka bi. Kakan mahaifinta, manomi, da matarsa da 'ya'ya huɗu, daga wani ƙauye na Pomerania da ya koma hannun Poland bayan 1945, sunansa ma ya sauya. Sun sauka a Castle Garden, tashar karɓar baƙi ta New York, tun ba a buɗe ta Ellis Island a 1892 ba. Na yi ta murna kamar dangina na gano, ina karanto mata sunayen da ƙarfi har ma'aikaciyar wurin ta ɗago kai.

Iya ce ta ƙirga. Huɗu a Hamburg, uku a New York. Autar, 'yar goye, teku ta riƙe ta, kuma babu wanda ya taɓa ambatonta a gidan.

Daren nan ba ta dafa komai ba. Ta buɗe Baibul, ta nemo gurbi tsakanin sunaye biyu, ta ce in rubuta yarinyar, don hannunta rawa yake yi. Ban yi wata-wata ba. Na rubuta.