Tabon Rini a Jikin Baho

Da asubar Juma'a ya shiga banɗaki ya rine furfurarsa a ɓoye, gudun idon iyali. Gemu ya yi baƙi. Farin bahon roba ma haka. Sabulu bai taɓuka komai ba, domin roba tana shan rini da zarar ya jima a kanta. Ya kwaɓa bekin soda, ya dirje da tsohon buroshin haƙori, tabon ya ɗan dusashe. Bilic ne ya ci saura, bayan ya buɗe taga. Bai yarda ya haɗa shi da ruwan khal ba, don iskar da suke fitarwa guba ce. Duk da haka inuwa ta rage.

Uwargida ta ɗaga bahon, ta dubi gemun, ta ce, "Malam, wani karon a shimfiɗa leda."