Matakala uku tsakaninmu da kantinku

Mu masu keken guragu na Maradi muna da magana da masu kantuna, farmasi da wuraren aika kuɗi.

Mun san don ruwan damina kunka ɗaga daɓenku, ba mu ga laifinku ba. Amma gindin matakalar nan muke tsayawa cikin rana muna ƙwala kira. Sai mu ba yaro takardar likita, kowa ya san ciwonmu. Kowa ya ji jika nawa anka aiko muna. Canjin ma wani lokaci ba ya dawowa daidai.

Alhaji, gangara kawai muke roƙo gefen ƙofa, mai faɗin keke. Don Allah a gaya ma magini kar ya miƙe ta kamar bango. Tsohuwa mai sanda za ta bi, mai baro ma nan zai shigo maka da kaya.