Sansanin Hutunmu Gidan Kaka Ne

Tunda layi ya zo kaina a wannan makon, bari in ba ku labarin wani rubutu nawa da ya mutu tun a cikin littafi, da abin da ya kashe shi.

Shekarun baya na kalli wani fim a gidan abokina a nan Gumel, sunansa Camp Rock, wanda tashar Disney Channel ta Amurka ta fitar a 2008. Don talabijin aka shirya shi, irin wanda iyali ke zama su kalla tare su yi dariya. A can al'ada ce idan aka yi hutun makaranta lokacin zafi, iyaye su biya kuɗi a kai yara sansani a bakin tafki, su yi makonni suna wasanni da waƙe-waƙe. Yarinyar fim ɗin mahaifiyarta ce mai dafa abincin sansanin, ita kuwa sai ta ɓoye, ta ce uwarta babbar ma'aikaciya ce, har asirinta ya tonu.

Fim ɗin ya shiga raina. Na sayi littafi mai shafi sittin, na zauna na rubuta nawa da Hausa. Na kafa sansani a bayan gari ta hanyar Gagarawa, na haƙa masa tafki, na zuba kwale-kwale, na dasa tantuna, na sa yara suna gasa nama da dare suna kaɗa jita. Wata uku ina fama. Da na gama na kai wa yayata, malamar firamare ce, ina jiran yabo.

Ta karanta shafi goma ta ajiye. Ta ce, "Ƙanena, a ina ka ga tafkin tuƙa kwale-kwale a ƙasar Gumel? Kuma wane uba ne zai cire kuɗi a watan Agusta, ana neman hannu a gona, ya ce a kai masa ɗa daji ya kwana a tanti sauro ya cinye shi?" Na ce ai barkwanci ne. Ta ce, "To ni ban yi dariya ba. Ka manta hutun gidan Inna ne?"

Haushi na ji ranar. Amma da dare ina kwance sai ga hutun gidan Inna ya dawo mini tiryan-tiryan.

Inna kakarmu ce ta wajen uba, tana wani ƙauye a ƙasar Maigatari, dab da iyakar Nijar. Dogon hutunmu kan faɗo a tsakiyar damina, to da an rufe makaranta sai a kwashe mu jikoki a jibge mata: mu na Gumel, da na Kano, da na Haɗeja. Wata shekarar mun kai goma sha ɗaya a ɗaki biyu. Ba a biyan ko sisi, sai dai a aiko da sabulu da sukari. Farkawa da asuba, karatun allo, koko, sai gona.

Ɗan baffanmu na Kano, ranarsa ta farko a gona aka ba shi fartanya a yi maimai. Kafin a ankara ya share kunya guda ta gero tas, ya bar ciyawa tsaye, don a ganinsa ita ce ta fi kyan ganye. Inna ta zo ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta ce, "Mai gidan nan nawa, da kai zan dogara da bana sai na yi tuwon ciyawa." Har yau idan ya kira ni a waya, da Sarkin Noma nake gaishe shi.

Akwai kuma ƙaraminmu mai fitsarin kwance. Duk safiya sai ya ce ɗaki ne ke yoyo. Wata rana ko hadari ba a yi ba, Inna ta ɗaga tabarma ta shinshina, ta ce, "Ikon Allah, yau kuma ruwan sama mai zarni aka yi mana." Ba ta dake shi ba, ba ta kira sunansa ba, sai ta mayar da shimfiɗarsa kusa da tata tana tashinsa cikin dare. Ranar Alhamis kuwa, idan an ga dama da mu, a ɗora mu a amalanke zuwa kasuwar Maigatari mu ga raƙuma da shanun da ake shigowa da su daga Nijar.

Sai da na girma na gane abin da ke ƙarƙashin dariyar nan. A shekarun, mahaifinmu da baffanmu ba sa ga-maciji saboda rabon gona. Inna ba ta taɓa yi mana zancen ba. Abin da ta yi kawai, ta haɗa ni da Sarkin Noma a akushi ɗaya, tabarma ɗaya, kunya ɗaya. Ta san idan 'ya'ya suka shaƙu, iyaye za su ji nauyi. Haka kuwa aka yi: shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi a can, a bakin shimfiɗarsa iyayenmu suka fara gaisawa.

Duk wannan yana cikin kaina, amma na tsallake shi na tafi aron tafkin Amurka. Gaskiyar magana, kunya nake ji. Gani nake fartanya da kwaɗon tafasa da amalanke ba su isa shiga fim ba. Ashe abin da yarinyar Camp Rock ta yi wa uwarta, shi na yi wa kakata.

Alhali ga misalai a gabana. Usman Baba Pategi tsohon soja ne, kuma daga rayuwar bariki ya ɗebo Samanja da ya daɗe yana sa mutane dariya a NTA Kaduna. Gidan Badamasi na tashar Arewa24 ba komai ba ne illa tsoho mai dukiya da 'ya'yansa masu jiran rabo, abin da kowa ya san irinsa a unguwarsu. Ga kuma wasan kaka da jika, da wasan taubasai, barkwancin da muka tarar a gida da ƙa'idojinsa. Ba laifi ba ne ka koyi tsara labari daga fim ɗin waje. Ni ma a nan na ga yadda tara yara wuri guda, nesa da iyaye, ke haifar da rikici da dariya. Kuskurena shi ne da na ɗauko har da tafkin.

Inna ta rasu kafin in sake ɗaukar biro, Allah Ya jiƙanta. Tun daga nan ba a ƙara tara jikoki a gidan ba. Namu 'ya'yan darasin hutu suke zuwa, wasunsu ko sunan juna ba su sani ba. Akwai maganganunta da yawa da na so in tambaye ta ta maimaita mini, yanzu sai dai in bi 'yan'uwa a waya ina tsinta ɗaya-ɗaya.

Na fara sabon rubutun, na kai fitowa ta bakwai. Yayata ta karanta wurin ruwan sama mai zarni, ta yi dariya har da hawaye, daga baya kuma ta yi shiru ta ce a yi wa Inna addu'a.

Ku fa, ina aka riƙa kai ku dogon hutu, kuma wa ya riƙe ku? Idan yana raye, ku je ku zauna da shi da littafi a hannu tun kafin damina ta zagayo.