Ɗigon Mai a Ƙarƙashin Ƙafar Direba

Mu mutanen Haj Abdalla da ƙauyukan da ke jere a gaɓar Bahar Azrak, tsakanin Wad Madani da Sinnar, mun tashi da rurin tsohuwar lori a kunnuwanmu. Bedford ce 'yar Ingila, ƙirar TJ da aka fara fitarwa a 1958, wadda maƙeran Sudan suka ƙara wa tsawo da ƙarfi da ado, har aka laƙaba mata suna Sifinja saboda taushin tafiyarta kamar takalmin soso. Kamfaninta ya rufe sashen manyan motoci tun shekarun 1980, amma ita ba ta daina kai mana dawa da gyaɗa da albasa kasuwa ba, da 'yan biki a saman buhuna. Kakanninmu da ƙafa suka iso ƙasar nan a kan hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, mu kuwa daga bayan Sifinja muka san lungunanta.

A cikin tarin ƙarafunan wannan mota akwai wani ɗan bututu da bai fi kamu guda ba, wanda kanikawa ke kira masta. Shi ne uwar birki. Idan direba ya taka, fistin da ke ciki yana tura mai ta siraran bututai zuwa tayoyi, kuma da yake mai ba ya matsuwa, ƙarfin ya isa can bai ragu ba. Abin da ke tsare man kuwa 'yan robobi ne da yaro zai iya dunƙulewa a tafin hannu. Rayukan duk waɗanda ke saman kaya a kansu suke rataye. Tsofaffin motoci da yawa layin mai guda gare su, saboda haka in ya tsiyaye, tayoyin duka sun rasa birki a lokaci ɗaya.

Ƙasar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, kuma wannan shimfiɗar tana yaudarar mu. Mukan ji direba na cewa ai ba gangare, giya ma ta isa ta tsayar da mota. Amma giya ba ta san siririyar gadar tur'a ba, ba ta san garken shanu da ke ƙetare titi da almuru ba, balle yaron da ya biyo akuyarsa da gudu.

Yoyon masta iri biyu ne. Na fili shi ne wanda ake ganin danshinsa a bayan bututun ko a jikin sandar da ke tura fistin, man tukunya kuma yana raguwa kullum. Na ɓoye ya fi sharri: babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa, tukunya cike, amma in aka ɗora ƙafa aka riƙe, sai abin takawar ya riƙa nitsewa sannu a hankali, domin man yana zagaye robar ta ciki. Tushen duka biyun sau da yawa ruwa ne. Man birki yana zuƙar raɓa daga iska, ruwan ya kwanta ya ci cikin bututun da tsatsa, tsatsar ta yanke roba. Ruwan kuma yana saukar da zafin tafasar man: sabon DOT 3 kan jure maki 205, wanda ya sha ruwa kuwa kan sauko wajen 140.

Mun zauna gaban ustocin da suka san aikinsu, mun ga tsarinsu. Sukan kwance masta, su jera kayan cikinsa bisa tsumma mai tsabta yadda suka fito, su wanke da man birki ko sifirit, ba da fetur ko jas ba. Sai usta ya ɗaga bututun ya leƙa shi a hasken rana. In tabon sama-sama ne, a goge a sa sabbin robobi. In tsatsa ta yi rami, sabuwar roba kwana kaɗan za ta yi, sai a kai wa mai injin ƙira ya zura hannun riga na tagulla ko ƙarfe marar tsatsa, ko a nemi wani bututun. Daga nan sai fitar da iska, a fara daga tayar da ta fi nisa. Usta na ƙarƙashi, yaro na kujerar direba. "Taka, yaro. Riƙe!" "Na riƙe, Usta." Ba ya ɗaga ƙafa sai an ɗaure noti, in ba haka ba iskar ta koma. A wannan kiran da amsawar ne yaranmu ke koyon amana kafin su koyi riƙon sifana.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan gyara suka yi wuya, kuma rashi yana koya wa mutum dabarun banza. Akwai masu zuba man inji a tukunyar birki, alhali yana kumbura roba har ta lalace. Akwai masu zuba ruwan sabulu, wanda ke tafasa da wuri ya kuma gayyato tsatsa. Mun san nauyin aljihu, amma araha ba ta ado, kuma kuɗin gwangwanin mai bai kai kuɗin likkafani ba.

Ga abin da muke roƙon junanmu. Direba ya buɗe tukunyar birki kowace safiya kamar yadda yake duba ruwan lagireto, ya taka ya riƙe kafin a yi lodi, ya sauya man duk bayan shekara biyu. Mai mota kada ya ji haushin usta idan ya ce yau ba tafiya. Fasinja kuma yana da haƙƙin tambaya, ko da yaro ne a gaban dattijo: "Baba, an duba birki?" Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.